FILIN MANOMA: YADDA A KE RENON ƘARYA A TUKUNYA

Jama'a, kada wanda ya ga kan maganar nan ya ce mai wannan fili ya bar koyad da noma ya koma koyad da sharri. Ƙaryar da mu ke nufi wata 'yar itaciya ce mai ƙaton gindi da fure ja-ja, wadda tsofaffinmu su kan dasa a ƙofar gida ko a kusurwar tsakar gida. Abin da ya kawo maganarta kuwa, wani malami akawu ne daga Dutsin-Ma ya aiko mana da takarda. Ya ce sau uku yana sayen ƙarya a tukunya wurin masu sayad da furanni a Katsina, sau uku tana mutuwa a hannunsa, alhali kuwa bai taɓa barinta da ƙishirwa ba, safe da yamma yana ba ta ruwa. Yana tambaya ko maye ne ya kama ta.

To, Malam, babu maye. Amsarka tana cikin takardarka. Ruwan nan na safe da yamma shi ne ya kashe ta. Ni ma na taɓa yin haka. Ta farkon da na dasa, na ajiye ta daidai inda na ke alwala, ina murna wai na huta da ban ruwa. Sau biyar a yini tana sha. Ba a yi wata biyu ba gindinta ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Saboda haka yau za mu bi maganar daki-daki, don kada wani ya sake yin hasarar kuɗinsa.

MECE CE ƘARYA?

Ita wannan itaciya 'yar ƙasa ce, ba baƙuwa ba. Tana fitowa a busassun ƙasashe tun daga Sanagal har Sudan da Habasha, ta ƙetare Bahar Maliya zuwa Yaman. Masana ilmin tsire-tsire suna kiranta Adenium, sunan da a ke dangantawa da Adan ta ƙasar Yaman, Turawa kuma suna yi mata kirari da wardin hamada. Danginta ɗaya da tumfafiya da kwankwani. Wani likita Bature, Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya sa ta cikin littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa, wanda aka buga a 1916.

Kowa ya san karin maganar nan, ƙarya fure ta ke yi, ba ta 'ya'ya. An ce daga nan itaciyar ta sami sunanta, domin mutane suna ganin ta cika da fure shekara da shekaru, ba su ganin ɗanta. Amma gaskiyar magana tana 'ya'ya. Dalilin da ya sa ba a cika ganinsu a gari ba shi ne, yawanci furenta ba ya ɗaukar ciki sai an kawo masa garin fure daga wata itaciyar dabam. Mu kuwa reshe mu ke karya daga ta maƙwabci mu dasa, shi ma daga ta maƙwabcinsa ya karyo, har ka ga duk ƙaryar da ke unguwa uwarsu ɗaya.

A sake a ƙasa ta kan fi mutum tsawo. A tukunya kuwa sai ta tsaya ƙafa ɗaya ko biyu, gindinta ya kumbura kamar tulu, rassanta su yi gajejjeru. Wannan siffa ce ta sa mutanen duniya su ke sonta. Masu lambu a ƙasar Tailan da Taiwan sun ɗauke ta sun yi ta aure tsakanin iri da iri, har suka fid da mai farin fure, da mai ja wur, da mai fure ninki biyu, suna sayarwa ƙasashe. Ga shi mu da Allah ya ba mu ita a banza mun bar ta a bayan gida.

ABIN DA DUTSE ZAI KOYA MAKA

Wanda ya ke zaune a Dutsin-Ma ba ya bukatar malami a kan wannan, ya ɗaga kai ya dubi dutsen da garin ya ci sunansa. In an yi ruwan sama, kafin ka gama cin tuwo kan dutse ya bushe. Duk tsiron da ya ke zaune a tsagar dutse haka ya saba, ya sha da yawa sau ɗaya, sa'an nan saiwarsa ta bushe ta sha iska. Damina a ƙasarmu ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sauran watannin kuwa ko ɗigo babu. Irin waɗannan tsire-tsire Allah ya yi musu randa a jikinsu. Wani a ganye ya ke ajiye ruwa, wani a kara, ita ƙarya a gindi.

To, mai randa cike in ka ƙara masa ruwa sai ambaliya. Idan ƙasar tukunya ta kwana a jiƙe ta yini a jiƙe, iska ba ta kai wa saiwa, sai saiwa ta shaƙe ta mutu, ruɓa ta shiga ta hau har gindi. Abin da ya ke ruɗin mutane shi ne, itaciyar da saiwarta ta ruɓe ganyenta ya kan yi rawaya ya zube, daidai da mai jin ƙishirwa. Sai mai ita ya ce ruwa ta ke so, ya ƙara mata. Ka riƙe wannan: ƙishirwar wata guda ba ta kashe ƙarya, amma laimar mako biyu tana iya kashe ta.

TUKUNYA DA ƘASA

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba da gwangwani, domin jikinta yana shan ruwa yana fitarwa, kamar yadda randa ta ke raɓa. Ba sai ka sayi sabuwa ba. Tsohuwar tukunyar da ta tsage, wadda uwargida ta jefar, ita ce daidai. Amma tilas a huda gindinta. Ka sami ƙusa ka yi huda uku ko huɗu, ko wace yatsa zai iya shiga. Tukunyar da ba ta da huda kabari ce. Kada kuma ka zaɓi babba ƙwarai, gama ƙasa mai yawa ta kan daɗe ba ta bushe ba. Ga ƙaramin dashe, mai faɗin baki inci 6 ta isa, kuma mai faɗi ta fi mai zurfi.

Ka aza tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta zube, sa'an nan ka haɗa ƙasarka kamar haka: mudu 2 na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, mudu 1 na ƙasar jigawa, rabin mudu na tsohon taki wanda ya ruɓe ya zama gari, da ɗan dakakken gawayi cikin hannu biyu. Yashin rafi irin na Karaduwa yana da kyau, haka kuma tsakuwar da ruwa ya ke tarawa a gindin dutse. Kada ka ɗebo rairayi mai laushi, ya kan danƙare. Laka da ƙasar fadama kuwa ka bar wa masu albasa da tumatir. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji shi ma kada ya shiga, yana ƙone saiwa, yana kiran gara.

Ga yadda za ka gwada haɗinka. Ka cika tukunya ka zuba ruwa moɗa guda. In ruwan ya fito ta ƙasa nan da nan, haɗi ya yi. In ya tsaya a sama yana kallonka, ka juye ka ƙara yashi.

DASHE

Hanya biyu ce, reshe da iri. Ta reshe ta fi sauƙi. Lokacinta bazara, watau daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ya kama, damina ba ta faɗi ba. Ka roƙi mai itaciya ya yanko maka reshe mai kaurin babban yatsa, tsawonsa inci 6, da wuƙa mai kaifi. Ka cire ganyen ƙasa, ka shafa toka a bakin yankan, ka jingine shi a inuwa kwana 3 zuwa 5 har bakin ya bushe ya ƙame. Nan ne masu gaggawa su ke faɗuwa. Reshen da aka dasa da ɗanyen miki, ta mikin nan ruɓa ta ke shiga. Bayan ya bushe sai ka kafa shi zurfin inci 2, ka tokare shi da dutse, ka ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa. Kada ka ba shi ruwa sai bayan kwana 4 ko 5, shi ma ɗan yayyafi. Cikin wata guda zuwa wata ɗaya da rabi za ka ga sabon ganye, alamar ya kama ke nan. Kada ka riƙa tumɓuke shi kana duba saiwa.

Amma fa wanda ya ke son mai ƙaton gindin nan sai ya bi ta iri, domin ta reshe ta kan daɗe gindinta bai kumbura ba. In kana so ka sami iri, ka ajiye itace biyu waɗanda ba uwarsu ɗaya ba kusa da juna. In Allah ya sa ƙwari sun yi aikinsu, za ka ga kwanso biyu sun fito a haɗe kamar ƙahonin sa. Da sun fara ƙosawa ka ɗaure su da zare, in ba haka ba ranar da suka fashe iska za ta kwashe irin, gama ko wane ƙwaya yana da gashi kamar audugar tumfafiya. Ka tsinke gashin, ka kwantad da irin a kan yashi mai ɗan danshi, ka rufe da ƙasa kaɗan. Sabon iri ya kan tsiro cikin mako guda, amma ba ya jimirin ajiya, saboda haka kada ka sa shi a rumbu ka ce sai baɗi. Jariran suna son danshi fiye da manya, sai sun yi wata biyu za ka fara ja musu rai. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu su kan fara fure.

BAN RUWA

Doka ɗaya ce. Kada ka ba da ruwa sai ƙasa ta bushe, in kuwa za ka ba da, ka ba da sosai har ya zubo ta ƙasan tukunya. Ka tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu. In ka ji sanyi-sanyi, ka koma da butarka.

Da bazara, sa'ad da ma'aunin zafi ya kan kai 40 a ƙasar Katsina, tukunyar ƙasa tana bushewa da sauri, itaciya kuma tana cikin girma da fure. Sai a ba ta ruwa kwana 3 ko 4 sau ɗaya, da sassafe. Da damina Allah ya ɗauke maka aikin. Abin da ya rage gare ka shi ne tsaro. Kada tukunya ta zauna ƙarƙashin indararo, ka ɗora ta a kan duwatsu uku kamar murhu don ruwa ya wuce. In marka ta kama a Agusta, ana kwana ana tashi da ruwa, ka shigar da ita ƙarƙashin rumfa har gari ya washe. Da kaka sau ɗaya a mako ya isa. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, itaciyar barci ta ke yi. Za ta zubad da ganye ta tsaya tsirara. Kada ka firgita, ba mutuwa ta yi ba. Ka ba ta ɗan ruwa mako biyu ko uku sau ɗaya, da hantsi, domin sanyi da laima in sun haɗu ba abin da ya fi su saurin ruɓad da ita. In ka yi haƙuri, zafi na fara shigowa za ka ga fure ya rufe rassan tun ganye bai dawo ba.

Ka ga ashe wannan ita ce furen talaka. Ko da ya ke ga madatsar Zobe, wadda aka gama a 1983, tana kwance kudu da gari, gidaje da yawa da rani a hannun 'yan ga-ruwa su ke sayen abin sha. Mai sayen ruwa ba ya iya renon furen da ke son sha kullum. Ita kuwa ƙarya, buta guda ta ishe ta mako. Sai dai kada a zuba mata ruwan wanki ko na wanke-wanke.

Taki ba ta son da yawa. Da bazara da farkon damina, wata-wata, ka barbaɗa tsohon taki cikin tafi guda a bakin tukunya. In takin zamani ne mai haɗi uku, abin da yatsu uku su ka ɗauka ya isa, nesa da gindi. In ya yi yawa sai ta yi ta ganye ta manta da fure.

RANA DA WURIN AJIYA

Malamai masu aikin ofis su kan so su aza ta a kan tebur. Ba laifi in kwana biyu ne ko uku, lokacin da ta ke fure. Amma ƙarya 'yar rana ce, tana bukatar kamar awa 6 na rana ko wace rana. A cikin ɗaki rassanta su kan yi tsawo su sirance, ta ƙi fure. Wurinta barandar da ke fuskantar gabas, ko bakin taga, ko tsakar gida. Wadda ta daɗe a inuwa kada a fitar da ita tsakiyar ranar Afril gaba ɗaya, sai ta ƙone. A riƙa ƙara mata rana kaɗan-kaɗan har mako guda.

Shekara biyu-biyu, da bazara, ka sake mata ƙasa. Ko wane sauyi ka ɗaga gindin sama da inci guda, da haka kumburin nan ya ke bayyana ya yi kyau. Bayan sauyi a bar ta kwana 5 ba ruwa. In ta yi reshe ɗaya tsololo, ka datse kansa, sai ta yi rassa uku ko huɗu, ko wane da furensa.

ƘWARI DA RUƁA

Darɓa mai launin rawaya, irin wadda a ke gani a tumfafiya, ta kan taru a kan toho. Akwai kuma wani farin ƙwaro mai kama da ɓarɓashin auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye. Maganinsu, ka narka ɗan sabulu a ruwa, ko ka jiƙa dakakkun 'ya'yan bedi su kwana ka tace, ka wanke ganyen da yamma, ka maimaita bayan mako guda. Tsutsa kuwa ka tsince ta da tsinke. Don gara, ka zuba toka a ƙarƙashin tukunya.

Mako-mako ka riƙa latsa gindin da yatsa. Lafiyayye yana da tauri kamar ɗanyen rogo. In ka ji laushi, kada ka jira gobe. Ka tumɓuke ta, ka yanke duk inda ya yi baƙi har ka kai ga farin nama, ka shafa toka, ka rataye ta a inuwa mako guda, sa'an nan ka dasa a sabuwar busasshiyar ƙasa. In ruɓa ta cinye gindin duka, ka yanke rassan da su ka tsira ka dasa su.

GARGAƊI

Wannan ita ce maganar da ta fi duka nauyi. Ƙarya tana da dafi, daga saiwa har fure. Ruwan jikinta yana taɓa zuciya, shi ya sa maharba a ƙasashen Afirka da dama su ke dafa shi su shafa wa kibiya, kamar yadda a ke yi da ɗan'uwanta kwankwani. Saboda haka a ajiye tukunya inda yaro mai rarrafe ba ya kaiwa, a kuma hana yara tsotson furen. Akuya ta kan guje ta saboda ɗaci, amma akuyar da yunwar rani ta kama ba ta da zaɓe. Reshen da ka datse kada ka jefa a turke, ka binne shi. Kada a yi asuwaki da ita. Wuƙar da ka yi yanka da ita ka wanke da sabulu kafin ta koma madafa, hannunka ma haka. In ruwanta ya faɗa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta. In yaro ya ci, ko ya fara amai ko bai fara ba, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da guntun itaciyar a nuna wa likita. Wanda kuma ya ce maka ka jiƙa ta ka sha don magani, ka ce masa ya yi haƙuri. Gidan da ke da ƙananan yara, babu kuma wuri mai tsawo na ajiya, gara su jira yara su yi wayo.

'YAN'UWANTA A RENO

Duk abin da mu ka faɗa na tukunya da ƙasa da ruwa ya hau kan waɗansu tsire-tsiren da mu ka sani. Akwai karan masallaci, ɗan ƙarami mai kara kusurwa huɗu, mai son tsagar dutse, wanda masana su ka sa wa sunan likitan nan Dalziel. Akwai zabuwa, wadda waɗansu ke kira kabar giwa, mai ɗigo-ɗigo a ganye. Akwai shuka-halinka, wadda asalinta Madagaska, in ka ajiye ganyenta a ƙasa sai 'ya'ya su tsiro a gefensa, ita ma tana cutad da dabba in ta ci. Sai moda, wadda ta fi su duka jimirin inuwa. Malamin da ke son abin ajiyewa a ofis, moda ce tasa.

GA MASU NEMAN KWABO

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, baƙi da ma'aikata masu son ƙawata gida sun yawaita a gari. Kurfi kuma tana kan hanyar Katsina, motoci suna wucewa kullum. Yaron da ya dasa reshe 20 da bazara, ko 15 ne su ka kama, kafin shekara ta kewayo yana da abin ajiyewa a bakin hanya. Jarinsa tsofaffin tukwane da yashi da haƙuri. Kayan kuma ba irin tumatir ba ne da zai ruɓe in kasuwa ba ta ci ba, kullum daɗa girma ya ke yi, kuɗinsa na daɗuwa. Masu ginin tukwane su ma ga ƙofa ta buɗe musu, in za su riƙa gina ƙanana masu huda.

Amma abu biyu. Kada kowa ya tafi daji tonon uwar itaciya, gama wadda ta shekara ashirin tana girma in ka tumɓuke ta ka gama da ita, balle a shekarun nan da shiga daji ya zama abin tsoro a wajenmu. Reshe ɗaya daga gidan maƙwabci ya isa somawa. Na biyu, duk wanda ka sayar wa ka gaya masa maganar ruwa da maganar dafi. In ka ɓoye masa, ka sayad da ƙarya iri biyu ke nan.

Malam akawu, ka sake gwadawa sau na huɗu, ka rage zumuɗin buta, ka aiko mana da labari in ta yi fure. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan dashen bedi da zogale a bakin shinge. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.